DOKI DA MAHAYINSA A TARIHIN ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Ma'aikacin da ke zaune a ofis, ko da bai taɓa sa ƙafa a likafa ba, da wuya ya wuni bai yi zancen doki ba. Idan aka naɗa sabon shugaba sai a ce ya karɓi ragamar mulki. Idan aka ƙara wa mutum girma a wurin aiki sai a ce likafarsa ta ci gaba. Wanda aikinsa ya yi sanyi akan ce masa ya ƙara ƙaimi, wanda ya cika rawar kai a ce a ja masa linzami, shugaban da ya danne talakawa kuwa a ce yana yi musu hawan ƙawara, watau hawan da ba sirdi. Harshe ba ya ɗaukar kalmomin wani abu ya shigar da su cikin zancen mulki haka kawai, sai in abin ya daɗe yana tsakiyar rayuwar masu harshen.

Abin da wannan lacca za ta bi diddiginsa shi ne yadda aka gina fahimta tsakanin doki da mai hawansa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, tun daga ƙarni na 14 zuwa yau. Littattafan tarihi sun cika da lissafin yawan dawakin da sarki kaza ya fita da su yaƙi, da irin sulke da kwalkwalin da barade suka sanya. Amma fa dukiya tana iya sayen doki, maƙeri yana iya ƙera linzami, ba kuwa ɗayansu da zai sa dabba mai tsoro ta nufi tsinin mashi da gudu don kawai wanda ke bayanta ya so haka. Wannan sai da sabo na shekaru, kuma mafi yawan aikin sabon nan waɗansu mutane ne suka yi shi a barga, mutanen da tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Shigowar babban doki

A ruwayar Bayajida da ta fi yaɗuwa, baƙon ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwan da zai shayar da dokinsa. Aka ce masa ba a samun ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Masana sun daɗe suna jayayya a kan gwargwadon tarihin da ke cikin wannan labari. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka riƙa ba da shi kaka da kakanni ba su ga wani abin mamaki ba don matafiyi ya fara kula da ƙishirwar dokinsa kafin ya nemi wurin kwana. A wurinsu haka mahayin kirki yake yi.

Doki ya daɗe a Afirka ta Yamma, sai dai na farkon ƙarami ne, irin wanda Hausawa ke kira ƙuru. Har cikin ƙarni na 20 mutanen tsaunukan Jos suna hawan irinsa ba sirdi ba likafa, da igiya kawai, suna farauta da shi suna kuma kare garuruwansu. Masanin tarihin nan Robin Law, a littafinsa na 1980 a kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa manyan dawaki da sirdi da likafa sun yaɗu ne a wajen ƙarni na 13 da na 14, daga Masar da Afirka ta Arewa. Harshen Hausa kansa ya ba da shaida a kan haka. Kalmar doki ba daga Larabci ta zo ba, amma sirdi daga "sarj" yake, linzami daga "lijam", likafa daga "rikab", lifidi kuma daga "libd". Dabbar tsohuwar sani ce, kayan hawanta ne baƙi.

Waɗannan kaya sun sake fasalin yaƙi. Mai hawan ƙawara yakan jefa mashi daga nesa ya juya, domin in ya yi karo da wani abu mai ƙarfi zai faɗo. Wanda ke zaune cikin sirdi mai tudu gaba da baya, ƙafafunsa a likafa, yana iya sara da takobi, ya yi suka da dukan nauyin dokinsa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908 ya kuma ƙiyasta shekarun sarakunan da ke ciki, ya ce Sarki Kananeji (1390 zuwa 1410) ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ya kuma ce Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ne ya fara fita da dawakin zage a yaƙinsa da Katsina, watau dawakin da ake ja ba kowa a kansu, don in na sarki ya gaji ko ya ji rauni a sake masa wani. Daga wannan zamani doki ya shiga cikin tsarin sarauta. Madawaki ko Madaki, da Ubandawaki, da Sarkin Dawaki, duk sunayensu daga doki suka fito.

Tsadarsa da rauninsa

Ba za a gane irin kulawar da aka yi wa doki ba sai an san abin da ake biya kafin a same shi. Ibn Battuta, wanda ya zauna a Mali a 1352 zuwa 1353, ya ce doki guda yakan kai miskali 100 na zinariya a can. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno yana sayen dawaki daga fataken Afirka ta Arewa, kowane doki a kan bayi 15 zuwa 20, kuma fataken sukan zauna jira har sarki ya dawo daga hari kafin a biya su. Tarihin Kano ma ya ce Kananeji ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi.

Wannan magana ce mai ɗaci, ba kuma daidai ba ne a tsallake ta. Da mutane aka sayi doki, da doki aka kamo waɗansu mutanen, da su kuma aka sake sayen wani dokin. Ƙauyukan da ba su da ganuwa ko dutsen da za su hau sun san ƙarar kofato a matsayin masifa. Duk abin da za a faɗa na yabo game da gwanintar barade, a riƙa tunawa da cewa akwai waɗanda suka ga gwanintar nan daga ƙasa, suna gudu.

Daga baya an riƙa kiwon manyan dawaki a cikin ƙasa, aka san dokin Barno da na Mandara da na Azbin, da wanda Sulluɓawa ke kiwo. Duk da haka doki bai taɓa yin araha ba, domin dabba ce mai rauni a wannan yanki. Ƙudan tsando yana sa masa sammore, kuma gwargwadon yadda aka yi kudu da shi, gwargwadon yadda kwanansa ke raguwa. Daular Oyo ta Yarabawa ta kafa ƙarfinta a ƙarni na 17 da na 18 a kan dawakin da take saye daga arewa, tana sake saye kullum saboda ba sa daɗewa. Abin sha'awa kuma, masu kiwon dawakin nan da yi musu magani a Oyo galibinsu mutanen arewa ne, da yawansu bayi. Watau ba dokin kaɗai aka saya ba, har da hannun da ya san shi, domin in ba wannan hannu dukiyar ta zama asara cikin 'yan watanni.

Shari'a ma ta san da wannan ɗawainiya. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid wadda almajirai ke karantawa a zaure, idan za a raba ganima dakare kashi ɗaya yake samu, mai doki kuwa uku: ɗaya nasa, biyu na dokinsa.

Barga

Dokin sarauta ba a sakinsa kiwo kamar saniya. A turke yake wuni cikin gida, sau da yawa kusa da turakar maigidan, inda zai ji haniniyarsa da dare. Galibi ingarma ake hawa, ba a cika dandaƙe shi ba, goɗiya kuwa akan bar ta a ƙauye don haihuwa. Ba a kuma saba sa masa takalmin ƙarfe ba, saboda ƙasar yashi ce da jigawa. Tun da ba ya fita neman abinci, kome sai an kawo masa: ɗanyar ciyawa da damina, harawa da ingirici da rani, dawa ko gero, dusa, da kanwa a ruwan sha. Cikin doki ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, ba ya kuma iya amai, saboda haka ba a cika masa ciki lokaci guda. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, dare da rana, wani lokaci ma da hannu. Doki guda yakan cinye aikin mutum fiye da ɗaya: mai yankan ciyawa, mai ɗebo ruwa, mai share turke da wanke shi.

A nan ne aka ƙulla abin da ake gani a fage. Ɗan barga shi ne farkon wanda doki ke gani da asuba, shi ne na ƙarshe da dare. Shi ya san wanda ke harbi da wanda ke cizo, da wanda ba ya son a zo masa ta hagu, da wanda in ya bar dusa to ciwo na tafe. Yana duba kashinsa, yana shafa ƙafafunsa ya ji ko akwai zafi, yana lura da kunnuwansa, domin doki da kunne yake faɗin abin da ke ransa: in ya kwantar da su baya, to, a yi hattara. Yawan kalmomin da Hausa ta tanada don launin doki kaɗai, irin su akawal da kili da danda da bidi da hurde da gunya da bikili, ya isa ya nuna yawan sa'o'in da aka ɓata ana kallon dabbar nan.

A fadar Kano Shamaki ne ke kula da bargar sarki, kuma yana cikin manyan bayin sarki masu faɗa a ji. Wannan ya nuna matsayin aikin a idon masu mulki. Amma a zamanin da, a ƙarƙashin Shamaki akwai 'yan barga da zagage, yawancinsu bayi ko 'ya'yan bayi, waɗanda maroƙa ba su yi wa kirari ba, marubuta kuma ba su ambace su ba. Barden da ya san abin da yake yi ba ya raina su. Yakan shiga barga da kansa, ya ba dokinsa abinci da hannunsa, ya yi masa magana, ya fita kilisa da shi safe ko yamma, don dokin ya san muryarsa da warinsa da yadda yake zama a sirdi. Wanda ya bar wa bara kome, sai ranar hawa ya zo a ɗora shi, baƙo ne a bayan dokinsa.

Horon duƙushi ma a hankali ake yinsa. Sai ya saba da hannu da ragama, sa'an nan a ɗora masa yaro marar nauyi ya kai shi shan ruwa, sa'an nan sirdi da majayi, linzami kuwa daga baya. Bayan haka sai a saba masa da abin da zai tarar a fage: tambari da kakaki da algaita, da walƙiyar takobi, da ƙarar bindiga. Ta wannan fuska hawan salla bai tsaya ga ado ba. A nan sarki ke ganin yawan dawakin hakimansa da lafiyarsu, a nan kuma sabon doki ke koyon tsayawa cikin hayaniya da cunkoso.

Binciken zamani ya gaskata abin da 'yan barga suka gano da ido. Doki dabba ce da ake farauta a daji, saboda haka gudu ne maganinsa na farko ga duk abin da bai gane ba. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa in ban da daidai bayansa da dab da goshinsa, shi ya sa wanda ya zo masa ta baya ba sallama yakan sha harbi. Yana koyo ne daga sassauci: in an matsa masa ya yi abin da ake so, nan take aka saki, to ya gane. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna a 2016 cewa doki yana bambanta fuskar mutum mai fushi da mai fara'a a hoto, a 2018 kuma suka nuna yana riƙe abin a ransa har ya sake ganin mutumin bayan sa'o'i.

Linzami da ƙaimi

Kada a ɗauka cewa duk dangantakar nan ta lallashi ce. Linzamin da aka gada a ƙasar Hausa da Barno mai tsanani ne ƙwarai. Yana da tudun ƙarfe da ke kwanciya a kan harshe, a giɓin da ke tsakanin haƙoran gaba da turame, da kuma zobe da ke kewaye muƙamuƙin ƙasa. In aka ja, tudun ya tashi ya daki ganɗa, zoben kuma ya matse haɓa. Likafar ma faffaɗa ce mai kaifin gefe, tana aikin ƙaimi. Matafiyan Turai na ƙarni na 19 sun sha ambaton jini a bakin dawaki da haƙarƙarinsu bayan an yi wasa da su, kuma har yau mai lura zai ga haka a wasu wuraren hawa.

Akwai dalilin da ya sa aka zaɓi irin wannan linzami. Mayaƙi hannu ɗaya gare shi na riƙon doki, ɗayan yana ga mashi ko takobi, wani lokaci ga garkuwa a damtse. Ingarma ne a ƙarƙashinsa, kewaye da waɗansu ingarmu, kuma tsayawa ko juyawa cikin ƙiftawar ido ita ce tsakaninsa da mutuwa. Linzami mai kaifi yana ba da damar a isar da umurni da ɗan motsin yatsa. A hannun gwani, wanda dokinsa ya riga ya san nufinsa daga yadda ya gyara zama ko ya matsa gwiwa, da ƙyar ƙarfen ke taɓa baki. A hannun wanda bai iya ba kuwa azaba ce tsantsa. Bakin dokin yakan mutu ya daina jin ja, ko kuma dokin ya koyi tutsu da tabarya don ya kuɓuta. Saboda haka jini a bakin doki shaida ce a kan mahayi. Masu hawa na da sun san wannan, shi ya sa ake yaba wa mutum da cewa hannunsa na da sauƙi.

A fagen fama

A watan Fabrairu 1823 Dixon Denham da abokan tafiyarsa suka iso Kukawa, hedkwatar Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Denham ya bayyana yadda dubban mahayan Barno suka yi sahu suna jiransu, waɗansu cikin sulke, sa'an nan ƙungiya-ƙungiya suka riƙa sako dawaki da sukuwa kamar za su bi ta kansu, sai sun zo dab su tsaya cik su juya. Wannan shi ne jafi, wanda ake yi wa sarakuna har yanzu. Asalinsa darasin yaƙi ne. Dokin da zai yi zamiya daga cikakken gudu, kafaɗa da kafaɗa da waɗansu, ba tare da ya kauce ko ya yar da mai shi ba, shi ne wanda za a iya kai hari da shi a janye lafiya.

'Yan lifida kuwa wani irin sabo suke bukata. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga ko audugar rimi, ana sa wa doki tun daga wuya har gwiwa, mahayin ma ya sa tasa, don kibiya mai dafi kada ta kai ga fata. Nauyinsa ya sa sai an taimaki mutum kafin ya hau, zafinsa kuma ba ya barin doki ya yi dogon gudu, ga shi wuta na saurin kama shi. Dokin lifidi dole ya zama mai sanyin rai, wanda zai yi ta takawa gaba kibau na zuba a jikinsa.

Duk da haka tarihi ya nuna iyakar doki. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da rundunar dawaki, har da 'yan lifida kimanin 100 da mataimaka daga Azbinawa. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce 20 ba, yawancinsu dakaru ne masu baka. Suka tsaya suka jure, rundunar Gobir ta watse. Sai dai waɗanda suka yi nasarar ba su ɗauki darasin cewa doki ba shi da amfani ba. Sun tattara dawakin da aka bari, kuma cikin 'yan shekaru daular da suka kafa ta zama ta mahaya. Kyautar doki ta zama hanyar da sarki ke ɗaure barde a jikinsa, dawaki kuma suna cikin abin da sarakuna ke aikawa Sakkwato. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙiyasta a 1851 cewa Sarkin Kano kaɗai yana iya fitar da dawaki 7,000 da dakaru fiye da 20,000.

Ƙarshen wannan zamani ya zo a 1903. Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da sojan Turawa da ba su kai 50 ba. Sojan suka sami sararin sauka daga dawakinsu suka ja daga ta fuska huɗu. Barade suka kai hari, aka zubar da su, suka sake dawowa, sau da yawa, har Waziri ya faɗi. Ta fuskar yaƙi an sha kashi, gama gwanintar shekara 500 ba ta da amsa ga bindiga mai ɗurin harsashi da yawa. Amma wanda ya san halin doki zai tsaya a kan wani abu: dabbar da ɗabi'arta gudu ce daga ƙara da warin jini ta yarda aka juyo da ita cikin wuta, ba sau ɗaya ba. Ƙaimi kaɗai ba ya yin wannan.

Bayan shekara 3 aka ga ɗaya gefen a Satiru, kudu da Sakkwato. A watan Fabrairu 1906 irin waɗannan soja, watau dakarun da aka ba dawaki don saurin tafiya, suka je kama shugabannin tawaye. Talakawa masu gatura da fartanya suka auka musu kafin su gama jan daga. Dawakin suka firgita suka hargitsa sahu, aka kashe Turawa 3 da soja 25. A watan Maris aka dawo da babbar runduna aka shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000. Dalilan abin da ya faru a Satiru suna da yawa, amma ɗaya daga ciki a fili yake: dokin da aka ɗauka abin hawa kawai, ranar tsoro kansa yake ceto.

Bayan yaƙi

Da yaƙi ya ƙare sai doki ya koma ga ado da wasa. Turawa suka ɗauki hawan da suka tarar suka haɗa shi da bikin da suka saba yi a Indiya, aka sami hawan daba: a Kano a 1925 don Yariman Wales, a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, sa'an nan a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ta wajen wasa kuwa, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) ya rungumi folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo (1944 zuwa 1981) ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan da aka fi sani a Nijeriya. Ba abin mamaki ba ne, domin folo na bukatar abin da jafi ke bukata: hannu ɗaya a linzami, juyi da tsayawa nan take, da dokin da ya san nufin mahayinsa.

Abin da ya raunana shi ne barga. Mota ta karɓe tafiya, bauta ta ƙare, wanda kuwa alheri ne, birni ya cinye filayen ciyawa, harawa ta yi tsada. Kayan ado sun ƙaru, amma mutanen da ke kwana da doki sun ragu. A manyan garuruwa yanzu akan yi hayar doki don biki ko kilisa, saurayin da bai taɓa ganin dabbar ba sai ran nan ya hau, ya riƙe tsohon linzamin yaƙi da hannu biyu, ya yi ta sukuwa a kan kwalta da kofaton da ba takalmi. Abin da ke biyo baya sananne ne: dawaki masu yagaggen baki da gyambo a gadon baya, da mutanen da ake bankewa a titi. An gaji ƙarfen, an bar ilmin da ke sa ƙarfen ya zama mai sauƙi.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, ƙarfin dawakin ƙasar Hausa ya tsaya ne a kan abubuwa uku da ba su rabuwa: dukiyar da ta sayo doki, da kayan da aka ɗora masa, da kuma sabon da aka gina a turke. Na farko da na biyu an rubuta su, ana kuma ganin samfurinsu a gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano. Na ukun yana cikin kawunan tsofaffin 'yan barga a Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da Damagaram, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban harshe da na tarihi. A je a zauna da mutanen nan, a rubuta sunayen cututtukan doki da magungunansu, da sunayen tafiyarsa da launinsa da kowane ɗinki na sirdi, da yadda suke gane halinsa, da tarihin gidajensu. Likitocin dabbobi su gwada abin da aka tattara, su tabbatar da mai amfani su ware mai cutarwa. Masarautu da hukumomin da ke kashe kuɗi a kan hawa su ware wani abu don horar da matasan mahaya da kula da lafiyar dawaki, su kuma duba ko linzamin da aka ƙera don fagen fama shi ne ya dace da hannun ɗan koyo.

Ga waɗanda aka danƙa wa jagorancin jama'a kuwa, akwai abin tunani a cikin kalmar da magabata suka fi zaɓa. Ragama ba ta da ƙarfe. Igiya ce da ake jan doki da ita a gida, zuwa ruwa ko zuwa inuwa, kuma ba ta aiki sai ga dokin da ya riga ya yarda da wanda ke gabansa.